Ta bari an goge muryar ƙawata, ni kuma na jefa aikinta na shekara uku a kwandon shara

Yau kwana ashirin da bakwai ke nan yarinyar nan tana kirana ina ce mata zan duba. Ta kira da safe in ce zan duba, ta kira bayan la'asar in ce zan duba, ranar Talata har gida ta zo da lemo da ayaba a leda, ta durƙusa a ƙofar ɗakina da wannan tsadadden leshin nata, na karɓi ledar na miƙa wa maƙwabciyata, na ce mata zan duba. Ban duba ba, kuma ba ni da niyyar dubawa, sai jiya da ta faɗa min wata magana da ta tsaya min a wuya. Abin da ya kawo ni nan ke nan. Salamu alaikum mutanen gidan nan, admin ki ɓoye sunana, ba tsoron kowa nake ba, 'ya'yana ne suke cikin guruf ɗin nan ba na son surutunsu. Don Allah shawara nake nema kuma da sauri, kwana uku ya rage min.

Ni tsohuwa ce, na haura sittin. Da yatsana nake rubuta wannan, ba wanda ya rubuta min, in kun ga wani wuri ya karkace ku karanta shi haka nan. Ban taɓa shiga aji ba sai da na aurar da autata, sannan na shiga ajin manya na yamma, ina zaune a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Hausa ina karantawa sarai, Turanci kuwa sai abin da ba a rasa ba. Sana'ata ginin tukwane, a wajen Ushafa nake. Ba gado na yi ba. Maigidana direban tirela ne a Dei-Dei, shi ya kawo ni garin nan ina da goyo, da Allah ya yi masa rasuwa ya bar ni da yara biyar, maƙwabciyata ce ta ja hannuna ta zaunar da ni gaban yumɓu ta ce kuka ba ya cika tukunya, kwaɓa. Zan kira ta Rifkatu, ba sunanta ba ne. Ita coci take zuwa ni masallaci, sama da shekara talatin muna rumfa ɗaya. Bakinta ba linzami, Hajiyar Bwari take ce min don ban taɓa zuwa Makka ba, ni kuma in ce mata Matar Fasto don mijinta ko ƙofar coci bai sani ba. Duk yankinmu ba mai fitar da baƙar tukunya kamar tata. Tana cire ta daga wuta da zafinta ta yayyafa mata makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, sai ka ga tukunya ta yi baƙi tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Kowa yana yi, amma nata daban ne, kuma sirrin yana bakinta.

Shekara uku da suka wuce wata ƙungiya ta zo wai za ta taimaki mata magina. Suka haɗa mu mu goma sha huɗu, suka sa mana wata yarinya ta riƙa kula da aikin, ita ce wadda nake ba ku labari, bari in ce mata Nafisa. 'Yar boko ce ta gaske, a waje ta yi karatu, ubanta babba ne a wata ma'aikata, tabarau a fuska, baki kamar zuma, Mama kaza Mama kaza. Ita ta kawo mana wata manhaja a waya, mu allo muke ce mata. Ba a cikin wayar abin yake zaune ba, wai a intanet yake, a kwamfutar wani kamfani can ƙasar waje, kowa ya buɗe wayarsa ya gani. Kowane aiki da katinsa. In an ce ana son randa ashirin, sai a buɗe kati, a sa sunan mai yi, a sa hoto, kati ya tashi daga layin kwaɓi ya koma layin gini, ya koma shanya, ya koma gashi, har a gama. Gaskiya zan faɗa, abin ya yi mana amfani, da can kullum faɗa muke a kan tukunyar wa ta fashe a wuta, da allo ya zo faɗan ya ragu. Kuma ana iya yin magana a kan kati, ka danna ka faɗi abin da za ka faɗa ya zauna a wurin. Rifkatu ba ta karatu, saboda haka ita magana take yi, da wayata. Kai, matar nan ta yi magana. Kwana nawa ake jiƙa makuba, wane irin itace ne ke ɓata launi, yadda ake gane wuta ta isa daga ƙarar tukunya, a tsakiya ta zagi wanda ya kawo mana yumɓu mai tsakuwa, ta rera waƙar cocinsu, ta dawo kan makuba. Katinta ya fi ɗari.

Ranar da za a buɗe allon nan, ku riƙe wannan, Nafisa ta ce dokar ƙungiyarsu ita ce mu mata mu ne masu shi, sai a sa sunan ɗaya daga cikinmu a sama. A wurinmu babba ake sawa a gaba, Rifkatu ce babba amma wayarta ƙarama ce mai tocila, sai aka dawo kaina. Lokacin ban daɗe da iya rubuta sunana ba, na ce ba wanda zai rubuta min, na ɗauki kusan minti goma ina neman haruffa, Nafisa tana ɗaukar hotona tana cewa Mama kin burge ni. Ni na ɗauka abin hoto ne kawai. Ita ma haka ta ɗauka.

Damina ta bara Rifkatu ta rasu. Ciwon kwana shida. Mu magina na rumfarmu muna da al'ada, in ɗaya ta mutu ba a taɓa kayan aikinta sai shekara ta zagayo. Kaskon da take juya gini a kai, ɗan ƙyallen da take gyara bakin tukunya da shi, har guntun yumɓun da ta bari a rufe, a nan za su zauna inda ta ajiye su, a share kewaye a bar su. Sai shekara ta cika a taru a raba wa wanda ya dace. Muka zauna mu goma sha uku muka ce to katinta na allo ma kayan aikinta ne, ba mai motsa su, ba mai ƙara rubutu a kai, ba mai ja daga layi zuwa layi. Ni da bakina na gaya wa Nafisa. Ta dafe ƙirji ta ce wayyo Mama wannan al'ada ta yi kyau, ta ciro littafi ta rubuta, daga baya har a rahotonta ta sa, da hoton kaskon. Saboda haka kar wanda ya ce min ba ta sani ba.

Ni ban taɓa katin ba, saurare kawai nake. Kullum da safe in jingine waya a jikin randa, in danna ɗaya, ina kwaɓa yumɓu Rifkatu tana min faɗa. Wata rana ma har amsa mata nake, in ce ke dai kin cika baki. 'Yarta Hannatu takan zo ranar Asabar ta zauna mu ji tare, mun shirya ranar addu'ar cika shekara za a sa muryar a lasifika jikokinta su ji, kuma Hannatun ta fara koyon makuba daga ciki, don lokacin da uwar take raye ba ta tsaya ta koya ba.

Ashe a wancan lokacin allo ya cika. Kamfanin ya ce ko a ƙara biyan wurin ajiya ko a rage kaya. Sai Nafisa ta zauna a ofishinta mai sanyi a Utako ta kafa doka a cikin allon, duk katin da ya yi wata shida ba a motsa shi ba, ranar Lahadi na'ura ta kwashe shi ta zuba a kwandon shara, in ya kwana talatin a kwandon ya tafi har abada. Ba ta tara mu ba, ba ta tambaye mu ba. Kuma sauraro ba ya cikin motsi, ko sau dubu ka ji, wurin na'ura ba ka taɓa ba. To ku gaya min, matacciya za ta tashi ta motsa katinta ne? Mu kuma mun ɗaure hannunmu da kanmu saboda girmamawa. Amma nata akwatin na cikin allon, inda take tara rahotanninta da bidiyon da take jawabi da hotunanta da manyan baƙi, ta manna masa alamar kwaɗo, wato wannan kar a taɓa shi har abada. Nata ta san ta kulle.

Wata Litinin na jingine waya na buɗe, layin Rifkatu fayau. Na ɗauka idona ne, na goge gilashin da bakin zane, na kashe na kunna, ba komai. Na kira Nafisa, ta ce Mama netwok ne, zan duba. Washegari ta ce zan duba. Na hau mota biyu na je Utako, aka zaunar da ni a kujerar ƙofa tun hantsi har azahar, aka ce ta shiga mitin, ta leƙo da waya a kunne ta ɗaga min hannu ta ce Mama ki je gida zan duba. Sati na gaba tana Legas wajen taro. Na gaba wai mura take yi. Na kira ta ya fi sau ashirin, ina da shaida a wayata. Sai da aka kwana arba'in ta zo rumfa da kanta, ta tsaya nesa da yumɓu kar ya taɓa mata takalmi, ta ce ta duba, abin ya tafi, ba ita ba ce sistem ne, folisi ne, wato ƙa'idar aiki, ko ita ba ta da yadda za ta yi. Na ce muryar mutum ce fa. Ta ce ta gane Mama, amma ai aikin da ke kan katin an riga an gama shi an kai wa masu shi, abin da ya rage surutu ne kawai, ba ya cikin abin da ake bukata a rahoto. Surutu. Wallahi da hannuna ba ya cikin kwaɓi da na bar mata shaidar yatsu biyar a kumatu. Na gaya mata abin da ya zo bakina, ban rage ba, har uban da ya biya mata kuɗin makaranta sai da na taɓa, matan rumfa suka riƙe ni, ita kuma ta shiga mota tana cewa ta san ina cikin jimami ne ba za ta riƙe ni a rai ba. Ita ce ma za ta yafe min.

An yi addu'ar shekara ba murya. Hannatu ta yi baƙar tukunya uku don ranar, duk suka fito ja-ja kamar an yi musu ɓarin shayi. Ta zauna bayan rumfa tana kuka, ni kuma na kasa gaya mata kwana nawa uwarta take jiƙa makuba, don shekara talatin ina gefenta ban taɓa ƙirgawa ba, na saba in tambaya ta zage ni ta faɗa.

Bayan nan ne na koma ajin yamma, na daɗe ban je ba. Malamarmu tsohuwar ma'aikaciya ce, shekarunta kusan nawa, a ɗakin ajiyar fayil na gwamnati ta yi aiki har ta yi ritaya. Na ba ta labari, ta ce miƙo wayar. Ta latsa nan ta latsa can, sai ta cire tabarau ta dube ni ta ce, Yaya, kin san ke ce mai allon nan? Na ce sunana dai yana sama. Ta ce ba suna ba, ke ce mai shi, ita Nafisa yarinyar shago ce, mabuɗin yana hannunki. Sai ta buɗe wani wuri a wayata da ban taɓa shiga ba, wai imel, Nafisa ce ta buɗe min shi ranar hoton nan ba ta taɓa ce min ga amfaninsa ba. Wasiƙu uku daga kamfanin, da Turanci, da sunana a kai. Ta farko ta ce an zuba kati ɗari da wani abu a kwandon shara. Ta biyu ta ce saura sati ɗaya. Ta uku ta ce gobe. Kuma a ƙasan kowace akwai wani ɗan shuɗin wuri, Malama ta ce da na danna shi sau ɗaya da komai ya dawo. Kwana talatin muryar Rifkatu tana cikin ƙugun zanena, ina hawa mota ina zuwa roƙon wata. Ita ma Nafisa an aika mata irin wasiƙun nan, ita da take jin Turanci kamar ruwa. Malama ta ce a zamaninsu ko fayil ɗin da ɓera ya ci rabi ba a ƙona shi sai mutum uku sun sa hannu, kuma sai an nemi mai shi. Na karɓi wayata na ce ta nuna min ina ake cire mutum daga admin, ina ne alamar kwaɗo. Ta gane inda na dosa, ta ce ita ba ruwanta, ba da hannunta ba. Na ce ba hannunki na tambaya ba, karanta min kawai abin da aka rubuta. Ta karanta min sau biyu, na rubuta a bayan littafina da Hausa.

Ranar Asabar bayan azahar na zauna a ƙarƙashin mangwaro na yi abina. Ya ɗauke ni har la'asar don yatsana yana da kauri. Na sauke Nafisa daga admin na mayar da ita 'yar kallo, tana gani amma ba ta iya taɓawa. Da gangan ban kore ta ba, so nake ta gani. Sannan na je kan akwatinta na cire kwaɗon. Iyakar abin da na yi ke nan, ban goge mata ko harafi ɗaya ba. Dokar da ta kafa da hannunta ce ta zo ranar Lahadi ta duba, ta ga akwati ya fi wata shida ba a motsa shi ba, ta ɗauke shi ɗungurungum ta jefa a kwandon. Aikin shekara uku. Kuma wani abin daɗin, ita ce ta kafa wa ofishinsu dokar cewa ba mai ajiye kwafi a kwamfutarsa, komai a allo, har ta taɓa sa an ba wani abokin aikinta takardar gargaɗi a kan haka. To ba ta da kwafi. Ƙarshen watan nan waɗanda suke ba ƙungiyar tallafi za su zo duba aiki, ba ta da abin nunawa sai tabarau.

Litinin da sassafe ta kira, muryarta kamar an shaƙe kaza. Mama an samu matsala, Mama ke kaɗai za ki iya gyarawa, wuri ɗaya za ki danna. Na ce netwok ne, zan duba. Jama'a ban san daɗin kalma biyu ya kai haka ba. Sun rubuta wa kamfanin, kamfanin ya ce sai mai allo. Oganta ya zo da kansa, wani mai babbar riga da turare, ya tsuguna yana ce min Hajiya, ya ce a yi haƙuri yarinya ce kuskure ne, aikinta na kan layi, za a iya sallamarta. Na ce Alhaji ba ni ba ce, sistem ne. Ya ce to me nake so a yi min, na ce a dawo min da Rifkatu ta ƙarasa zagin mai yumɓu. Da zai tafi ya ɗan nuna min cewa akwai lauya a ƙungiyarsu, na ce ya turo shi, akwai benci, takardar da ta ce mu ne masu allo su suka rubuta ta ba ni ba.

Matan rumfa sun rabu biyu. Wasu suna cewa ki riƙe wuta Yaya, gobe ba za ta ƙara raina magina ba. Wasu suna tsoron in baƙin nan suka zo ba su ga komai ba za a rufe aikin, sabon wurin gashin da aka yi mana alkawari ya bi ruwa. Na ce kafin ƙungiya ta zo a ina muke gashi, ba a fili ba? Hannatu ma ta zo ta ce Mama ki bari haka nan, da Mamana tana nan da ta yafe. Na ce ke 'yar nan rufe min baki, ni na fi ki sanin uwarki, matar da ta yi shekara bakwai ba ta gaida wani mutum saboda akuyarsa ta taka mata shanya. Limaminmu ya aiko a gaya min ramuwa ba ta wuce gwargwado, na ce a gaya masa da mudu na auna, kwana talatin ta ba ni, kwana talatin na ba ta, ko ɗaya ban ƙara ba. Kullum allon yana nuna kwanakin da suka rage da jan rubutu, ni ina gani ita ma tana gani. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina cin abincina da kyau, har ƙiba na yi.

To jiya da hantsi ta sake zuwa, ba leshi ba tabarau, idonta ya kumbura. Ba ta durƙusa ba wannan karon, a kan buhun yumɓu ta zauna. Ta ce Mama akwai abin da na tuna. Wai a farkon aikin nan ta yi hira da Rifkatu a bidiyo, kusan awa biyu, tun daga haƙar yumɓu har makuba, da fuskarta da hannunta da komai, kuma hirar tana cikin akwatin nan da ke kwandon shara. In ya tafi, ta tafi. Na ce yaushe kika tuna? Ta ce shekaranjiya. Na ce wato lokacin da nake zaman kujerar ƙofa a Utako ba ki tuna ba, ranar da Hannatu take kuka bayan rumfa ba ki tuna ba, ranar addu'a kina zaune a layin gaba kina cin shinkafa ba ki tuna ba, sai da wuta ta zo gindinki. Ta ce wallahi tallahi fayil ɗin suna da yawa ne. Na ce tashi min daga kan yumɓu.

Da ta tafi na buɗe kwandon. Ba a iya kunna abin da ke ciki, sunaye kawai ake gani. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ba sunan Rifkatu ko ɗaya. Na ɗauki mayafi na tafi gidan Malama, ta bi su ita ma, can ƙasa ta tsaya a kan wani, ta ce ga wani bidiyo mai nauyi, abin da aka rubuta a kai shi ne tsohuwa ta biyu. Haka yarinyar nan ta sa mana. Ba suna. Sai a lokacin na tuna ranar, ashe mu biyu ta yi wa hirar, ni da Rifkatu, ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin mangwaron nan, kuma na rantse da Allah na kasa tuna wace ce ta fara zama. Tsohuwa ta ɗaya ba ta cikin jerin sam, ko ta goge ta tuntuni ko ba ta taɓa ɗorawa ba. Na kira Nafisa a gaban Malama na ce wace ce ta biyu, ta ce tana kyautata zaton Mama Rifkatu ce. Kyautata zato. Malama ta ce ba a ciro guda ɗaya, yadda aka jefa akwatin gaba ɗaya haka yake fitowa gaba ɗaya, kuma yana fitowa duk mai kallo zai iya kwafa, su kuwa mutum uku suka zaunar gaban kwamfuta a ofis suna jira, kafin in ji minti ɗaya sun kwashe nasu tas.

Ga inda nake. In na danna, ta tsira da aikinta, ta koma ofis mai sanyi, wata biyu ta manta, kuma mai yiwuwa in buɗe bidiyon in tarar da fuskata ce tana kallona tana surutu awa biyu, na sayar da fushina a banza. In ban danna ba, ranar Talata komai ya tafi, ta ɗanɗana abin da na ɗanɗana har ƙasan cikinta, wanda shi nake so, ba na ɓoyewa. Amma in Rifkatu ce a ciki, wancan karon da rashin sani na rasa ta, wannan karon da idona a buɗe ne, kuma Hannatu ba ta san da maganar bidiyon ba tukuna, ban gaya mata ba.

Kar wanda ya rubuto min a yi haƙuri, na ji wannan har ya fita ta hancina. Ku masu ilimin waya, akwai hanyar da zan leƙa bidiyon nan ni kaɗai ba tare da yarinyar nan ta samu ko takarda ɗaya ba? In babu, ku gaya min gaskiya, in ku ne za ku danna ko za ku bari ya tafi? Yanzu haka ga ta nan ta sake kira, wayar tana ta rawa a kan randa, ban ɗauka ba.